Wai Hali Zanen Dutse Ne?



Gardama ce ta tashi a fadarmu ta Safo cikin hutun damanar da ta wuce, aka tambaye ni ra'ayina, na kasa cewa komi. Tun daga ranar abin ke cina. Shi ya sa da aka ce kowa ya kawo rubutunsa don wannan ɗan littafi namu, na ce to, bari in biya bashin amsar nan a takarda, tunda baki ya gaza.

Akwai wani abokinmu, ba zan ambaci sunansa ba, mu ce da shi Wane. Tare muka shiga lakwal, banci ɗaya muka zauna shekara shida. Ya faɗi BEPC sau biyu, ya ajiye kaye, ya tafi Maraɗi yana kabu-kabu da moton wani. Can ya koyi tramol, wai don ya jure rana da gajiya. Kun san yadda abin yake, ƙwaya ɗaya ta koma biyu, daga nan sai an sha kafin a iya tashi daga shimfiɗa. Wata rana ya zo gida ya kwana biyu, ya tafi da kuɗin asusun fada, jika goma sha biyu da muka tara don sayen riguna da ƙwallo. Shekara ɗaya da rabi ba mu ji ɗuriyarsa ba.

Sai ga shi wani dare bayan isha'i, ana dafa shayi na biyu. Ya yi sallama, ya tsuguna gefen tabarma, ya ajiye jika huɗu gaban shugaban fada. Ya ce wata bakwai ke nan bai sa ƙwaya a bakinsa ba, sauran kuɗin zai biya kaɗan-kaɗan, yana roƙon a bar shi ya dawo cikinmu.

Shugaban fada bai ko dubi kuɗin ba. Ya ce, "Ku ji nan, hali zanen dutse ne. Wanda ya ɗauka jiya, gobe ma ɗauka zai yi. In kunka bar wanga yaro ya zamna, ni na tashi." Wani ya ce, "Haba babban yaya, mutum ba shi tuba?" Aka yi ta musu, har wani ya juyo gare ni ya ce, "Kai mai karatun siyans, mi ka gani?" Na sunkuyar da kai ina juya ɗan kofin shayi. Wane ya jira, ya ji shiru, ya miƙe ya tafi, ya bar kuɗin nan a ƙasa.

To tambayar ke nan. Mutum yana sauyawa da gaske bayan ya girma, ko kuwa abin da aka zana an zana? In kuma yana sauyawa, mene ne hakkinsa a kanmu, mu da ya cuta?

Kakanninmu ma ba su yi baki ɗaya ba

Wanda ya ce hali zanen dutse ne, ba daga kansa ya ƙago ba, gado ya yi. Akwai kuma "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi", da "mai hali ba ya fasa halinsa". Amma Bahaushen da ya faɗi waɗannan, shi ne dai ya ce gemu ba ya hana ilimi, ya kuma ce yau da gobe ta sa allura ginin rijiya. Ke nan su ma tsofaffin sun ga abin ta fuska biyu, mu ne ke zaɓar wadda ta yi mana daɗi a lokacin fushi.

Su kansu masana kimiyya sun daɗe a ɓangaren shugaban fadarmu. Santiago Ramón y Cajal, likita ɗan ƙasar Sipaniya wanda ya sami kyautar Nobel a 1906 saboda bincikensa a kan ƙwayoyin jijiya, yana ganin cewa da zarar mutum ya girma, hanyoyin cikin ƙwaƙwalwarsa sun kafe, abin da ya lalace kuma ba ya sabuntuwa. Shekaru da yawa haka ake koya wa ɗaliban likita. Sai daga baya, musamman da aka sami na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar mai rai, aka ga ashe maganar ba ta cika ba.

Yadda turba ke fita

A cikin kan kowanenmu akwai ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, kowace tana haɗe da dubbai. Ilimi, da hali, da iya sana'a, duk a cikin waɗannan mahaɗai suke zaune. Tun 1949 wani masani ɗan Kanada, Donald Hebb, ya kawo bayanin cewa ƙwayoyin da ke yawan aiki tare, haɗinsu ƙara ƙarfi yake yi. Wannan shi ne tushen abin da mushenmu na SVT ke kira plasticité cérébrale, ni kuwa zan ce da shi sauyuwar ƙwaƙwalwa.

Ku tuna turbar da ke ratsa gonaki zuwa gulbi. Ba wanda ya share ta da hauya. Mutum ɗaya ya bi, ciyawa ta ɗan kwanta, gobe wani ya bi, jibi aka kora shanu, kafin kaka ta zama hanya har amalanke na bi. In kuma aka daina binta damana biyu, ciyawa ta rufe ta. Haka mahaɗan nan suke. Abin da kake maimaitawa yana faɗaɗa, abin da ka bari yana ƙanƙancewa.

An auna wannan da na'ura. A birnin Landan na Ingila, kafin a ba mutum izinin tuƙa tasi sai ya haddace tituna wajen 25,000, karatun da ke cin shekara uku zuwa huɗu. A 2000 wata masaniya, Eleanor Maguire, ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar waɗannan direbobi, ta tarar sashen da ke riƙe taswirar wurare ya fi na sauran mutane girma ta bayansa. Wani zai ce ai da ma masu irin wannan kai ne ke shiga sana'ar. To a 2011 ita da abokiyar aikinta suka fitar da sakamakon bin sawun masu koyo tun daga farkon karatu. Da farko ba bambanci. Bayan shekarun haddar, waɗanda suka ci jarrabawa sashen nan nasu ya ƙaru, sauran kuwa yana nan yadda yake. Kuma duka manya ne masu gemu. In ka ga ɗan kabu-kabun da ya san kowane lungu na Maraɗi cikin duhu, ka san irin wannan aikin ne kansa ya sha, Wane ma yana cikinsu.

A Jamus a 2004 an koya wa wasu matasa wasan jefa ƙwallo uku sama ana cafewa. Cikin wata uku hoto ya nuna ƙari a sashen da ke lura da motsin abubuwa. Da suka bar wasan wata uku, ƙarin ya ragu. A 2008 aka maimaita da dattawa masu kimanin shekara 60, su ma aka ga sauyi. A 2010 kuma Stanislas Dehaene na Faransa da abokan aikinsa suka gwada mutane a Burazil da Fotugal, suka ga waɗanda suka koyi karatu da girmansu, ƙwaƙwalwarsu ta ware wa haruffa wuri kamar yadda ta masu lakwal tun yarinta ta yi. Iyayenmu mata da ke zuwa ajin yaƙi da jahilci da goyo a baya, ana musu dariya, ga abin da ke faruwa a kansu.

Ƙwaryar gyaɗa

Ni ban fara ganin wannan a littafi ba, a gidan kawuna na gani. Yayan mahaifiyata ne, manomi, yana da hawan jini bai sani ba. Wata safiya ya faɗi a bakin rumbu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta sarƙe. Aka kai shi asibiti Maraɗi, bayan kwanaki aka sallamo shi a kwance. Masu zuwa dubiya na fita suna girgiza kai, wasu na cewa iska ce ta buge shi, wasu na cewa sai dai a yi ta addu'a, hannun nan ya tafi ke nan.

Amma wata ma'aikaciyar lafiya ta gaya wa matarsa, wadda muke kira Inna, cewa tunda yatsun suna ɗan motsi, kada a bar hannun ya kwanta, a ba shi aiki kullum. Inna ba ta yi lakwal ba, amma ta riƙe maganar. Kowace hantsi sai ta ajiye masa ƙwaryar gyaɗa ta ce, "Malam, ga aikinka." In ya miƙo hagu sai ta riƙe ta ce, "A'a, da wancan." Ranar farko ko kwanso ɗaya bai fasa ba. Na ga dattijon nan yana hawaye don haushi, na ga ya ture ƙwaryar da ƙafa. Inna ta tsince gyaɗar ta sake ajiyewa. Bayan wata biyu yana ɓare goma. Bayan wata takwas ya ɗauki buta da hannun dama ya yi alwala da kansa, yana jan carbi, maganarsa ta dawo ko da yake a hankali take fita.

Daga baya na karanta cewa wani masani a Amurka, Edward Taub, ya gina hanyar jinya a kan wannan dabarar, a hana lafiyayyen hannu aiki na wasu awoyi don a tilasta wa mai ciwon. Ƙwayoyin da suka mutu a kan kawu ba su tashi ba. Na kusa da su ne suka koyi aikin da ba nasu ba, kamar yadda in gulbi ya cika ya yanke hanya, mutane ke neman zagaye har zagayen ya zama hanya. Har yau yana jan ƙafar dama, kuma bai koma noma kamar da ba. Amma wanda aka ce ya gama, shi ke ɗaure akuyarsa da kansa.

Inda shugaban fada ke da gaskiya

Kada in yi muku daɗin baki. Sauyuwar ƙwaƙwalwa tana da iyaka, kuma kaifi biyu gare ta.

Na farko, maganar ɗanyen icce gaskiya ce. A shekarun 1960 David Hubel da Torsten Wiesel suka nuna cewa in aka rufe idon ɗan kyanwa ɗaya a watanninsa na farko, idon ba zai ƙara gani sosai ba ko an buɗe, alhali babbar kyanwa ba ta samun wannan lahani. Sun sami Nobel a 1981. Akwai ƙofofin da yarinta ce lokacinsu. Kafin yaro ya cika shekara 3 ƙwaƙwalwarsa ta kai wajen kashi 80 cikin 100 na girman ta babba, kuma da abinci ake wannan ginin. Mu ƴan jihar Maraɗi mun san abin da wannan ke nufi. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, mafi yawansu a nan yankinmu. Da yawa cikin masu karanta wannan takarda a shekarun nan aka haife su. Saboda haka in ka ga wani yana shan wahalar lissafi, kada ka yi saurin cewa rago ne, ba ka san da me aka yaye shi ba. Zai iya ci gaba, amma tudun da yake hawa ya fi naka tsawo.

Na biyu, ƙwaƙwalwa ba ta tambaya ko abin da kake maimaitawa alheri ne. Tramol ma turba yake fitarwa, kuma babba. Yana sauya sashen da ke sa mutum jin daɗi da ɗoki, har ya kai abinci da hira da ƙwallo duk su zama lami in babu shi. Bayan an bari ma tsohuwar turbar ba ta ɓacewa ƙaf. Ganin tsohon abokin sha, ko tashar da aka saba saye, ko baƙin ciki, na iya tayar da ita bayan watanni. Shi ya sa komawa ruwa ta yi yawa ga masu bari. Tsoron shugaban fada yana da tushe. Sai dai kuma a 2001 Nora Volkow da abokan aikinta a Amurka sun nuna, a kan masu shan wata ƙwaya daban, cewa bayan fiye da shekara guda da bari, wani ɓangare na lahanin da ke wannan sashen ya warware. Gyara na yiwuwa, amma da watanni ake lissafinsa, ba da rantsuwar dare ɗaya ba.

Kututturen da ke gonakinmu

Hujjata ta ƙarshe tana nan bayan gari, kowa na iya zuwa ya gani. Iyayenmu sun taso an koya musu cewa manomin kirki shi ne mai gona fes, ba ko tsiro. Kowace bazara a sassabe sabara da kalgo a ƙone. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984 ƙasar ta zama fili, iska na binne shuka da rairayi. An dasa itatuwa da yawa, mafi yawa suka mutu.

A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aikin gona a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sarewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na can ƙasa tana jira. Abin da ake bukata kawai a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su daga gatari da awaki. Shi ne sassabin zamani. Da farko dariya aka yi masa, kuma da yawa cikin waɗanda suka gwada don a ba su taimakon abinci, da aka daina rabo sai suka sare itatuwan. Wasu kaɗan suka riƙe, maƙwabta suka ga itacen girki da abincin dabbobi da hatsin da ya fi kyau ƙarƙashin gawo, su ma suka bi. Bayan shekara ashirin da ƴan kai aka ƙiyasta hekta wajen miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200.

Ku lura da waɗanda suka yi wannan aiki. Magidanta ne masu shekara arba'in da hamsin, waɗanda hannunsu ya saba da sassabe tun suna yara. Sun bar abin da suka gada, wasu sun koma sun sake bari, har sabon ya zama shi ne al'ada. In hali zanen dutse ne, wa ya tsirar da itatuwan nan?

Amsata

Yanzu ga abin da ya kamata in faɗa a daren nan.

Babban yaya, kana da hakkin yin hattara, amma ba ka da hakkin yanke hukunci a kan goben mutum. Abu biyu ne daban. Hattara ita ce a ce ba za a ba Wane ajiyar asusu ba sai ya gama biya, sai an ga shekara ta zagayo yana kan ƙafarsa. Wannan adalci ne, shi ma ya san haka. Yanke hukunci kuwa shi ne a ce ba zai taɓa gyaruwa ba, kuma wannan magana ce da ba mu da iliminta. Kawuna ya ƙaryata ta, gonakinmu sun ƙaryata ta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, hukuncin namu yana iya zama sanadin cikarsa. Mai barin ƙwaya yana bukatar sabuwar turba da zai riƙa bi kullum, wurin zama da dare, mutanen da za su tambaye shi ina ka shiga jiya. In muka rufe masa tabarmarmu, wace tabarma ta rage? Ta waɗanda ke sha. Ranar da ya koma sai mu ce ai da ma mun faɗa, mu manta da cewa mu muka tura shi. Kawu bai warke shi kaɗai ba, sai da aka sami mai tsince gyaɗa tana sake ajiyewa. Kututture ma ba ya zama icce sai an kare shi daga awaki.

Wannan magana ta shafi aji ma. Wanda aka kira daƙiƙi tun yana CM1, ya yarda, ya daina ɗaga hannu, ya daina gwadawa, to turbar lissafi za ta rufe masa da gaske, kuma sai a ce ga shi nan, an faɗa. Mu da za mu zama mushe da madam gobe, mu riƙe wannan.

Sai kuma ɗaya kaifin, wanda ke yankan mu kanmu. In ƙwaƙwalwa na sauyawa, to "ni haka nake" ta daina zama uzuri. Ni mai zuciya ne, ni ba na iya tashi da asuba, ni kaina ba ya ɗaukar Faransanci. Wataƙila haka kake yau, amma kowace rana kana taka wata turba, ko ka sani ko ba ka sani ba. Awa ukun da muke yi a kan TikTok bayan an kashe fitila, horo ne muke ba kanmu, kuma kan yana koyo. Masana sun ce sashen goshi, mai tsara shawara da danne son rai, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Yawancinmu ba mu kai ba. Iccenmu da sauran ɗanyantaka, mu ne kuma masu tanƙwarawa yanzu, ba iyayenmu ba.

Ni ma na gane shirun da na yi a daren nan ba shi ne na farko ba. Na saba yin shiru in babba ya yi magana, ko da na ga ba daidai ba, har abin ya zama mini hanya. Wannan takarda ita ce takuna na farko a wata hanyar.

Na ji labari Wane yana buga bulo yanzu, kuma ya aiko ƙanensa da wasu jika biyu. Saura shida. In Allah ya kai mu hutu mai zuwa, zan je gidansu da kaina in ɗauko shi, mu zo fada tare. In shugaba ya tashi, zan bi shi in ba shi haƙuri, in karanta masa wannan. Asusu dai yana hannun wanda yake. Amma kofin shayi na farko, ni zan miƙa wa Wane.

Wanda ke da ja a kan wannan, ya rubuto a fitowa ta gaba, muna saurare. Allah ya sa mu dace.